Wayewar Nok: tsohon tarihin da ke binne a ƙasar Abuja da maƙwabtanta

Nok suna ne da masana binciken kufai suka laƙaba wa wasu al'ummomi da suka zauna a tsakiyar ƙasar da a yau ake kira Najeriya, tun daga wajen shekara ta 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, har zuwa gab da shigowar ƙarni na farko na Miladiyya. Duniya ta san su ne ta hanyar mutum-mutumin gasasshen yumɓu da suka bari, waɗanda ke cikin mafi tsufa a manyan siffofin da aka taɓa ginawa a Afirka kudu da Sahara, da kuma narkar da tama, sana'ar da suna cikin na farko da suka iya ta a Afirka ta Yamma. An tsinci kayansu a kudancin Jihar Kaduna da Filato da Nasarawa da Neja da Yankin Babban Birnin Tarayya, har zuwa Katsina-Ala a Jihar Binuwai. Ke nan birnin Abuja, wanda gwamnatin tarayya ta tare a cikinsa a watan Disambar 1991, yana zaune ne a yankin da mutane suka yi noma da ƙira fiye da shekaru dubu biyu kafin a zana taswirarsa.

Mutanen ba su bar rubutu ba, saboda haka sunan da suke kiran kansu ya tafi tare da su. Nok sunan wani ƙauye ne na al'ummar Ham a Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna, kuma al'ada ce a wannan fanni a raɗa wa tsohuwar wayewa sunan wurin da aka fara cin karo da kayanta. Duk abin da aka sani game da su daga ƙasa aka karanto shi: daga gawayi da fasassun tukwane, da ƙonannun ƙwayoyin hatsi, da yadda aka jera duwatsu a rami. Wannan ne ya sa haƙar sata ta zama babbar masifa ga tarihinsu.

Daga ramukan kuza

A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka bazu a tsaunukan Jos da kwarurrukan da ke kewaye da su suna haƙar kuza. Kuzar tana kwance ne cikin tsakuwa da yashin da tsoffin rafuka suka tara, don haka leburori kan yaye ƙasa mai zurfi kafin su kai gare ta, kuma duk abin da ruwa ya share ya binne a zamanin da sai ya fito a bakin shebur. A 1928 wani ɗan ƙaramin kai na yumɓu ya faɗo hannun Kanar Dent Young, ɗaya daga cikin masu wani kamfanin haƙa a kusa da Nok. Ya miƙa shi ga ɗakin ajiya na Ma'aikatar Ma'adinai a Jos, inda ya yi shekaru a ajiye ba wanda ya san darajarsa.

A 1943 kuma wani malamin wurin haƙa a yankin Jema'a ya tsinci wani kan, mafi girma da kyawun gini. Ya tafi da shi gida ya kafa a gonarsa ta doya don ya riƙa tsorata masu ɓarna. A Hausa dai kalma ɗaya ce, mutum-mutumi, ke nufin siffar da ake ajiyewa a gidan tarihi da wadda ake kafawa a gona, kuma wannan kai ya yi aikin biyun. Manajan wurin ya gan shi, ya kai shi Jos wurin Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulki ɗan Ingila wanda ya karanci binciken kufai a Jami'ar Cambridge. Fagg ya ajiye shi kusa da na 1928, ya lura cewa salon ginin ɗaya ne duk da nisan wuraren da aka samo su. Daga nan ya shiga zagaya wuraren haƙa yana roƙon leburori da su daina jefar da irin waɗannan gutsattsari. Abin da ya tara ya zama ginshiƙin Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952.

Sai dai kayan ramin kuza suna da aibi guda: ruwa ne ya kwaso su daga inda masu su suka ajiye, ya cuɗa su da abin da ya girme su da wanda suka girma. Daga itace da gawayin da aka samu kusa da su Fagg ya ƙiyasta cewa wayewar ta rayu tsakanin shekara ta 500 kafin Miladiyya da shekara ta 200 bayanta. Wannan ƙiyasi ya daɗe a littattafan makaranta, kuma har yanzu ana ganin sa a wasu, ko da yake binciken baya-bayan nan ya mayar da farkonta baya da kusan shekara dubu.

Taruga da tanderun tama

Wurin farko da aka samu kayan Nok a inda masu su suka bar su shi ne Taruga, kudu maso gabas da Abuja. Fagg ya yi tono a nan a shekarun 1960, ya tarar da gutsattsarin mutum-mutumi tare da tukwane da duwatsun niƙa, da abin da ya fi ba da mamaki: jerin tanderun narkar da tama, da tarin kashin tama, da bututun yumɓu da ake shigar da iska ta cikinsu. Gwajin kabon da aka yi wa gawayin tanderun ya nuna cewa an hura su ƙarnuka kafin Miladiyya. 'Yarsa, Angela Fagg, ta tono wani mazaunin a kwarin Nok mai suna Samun Dukiya, ta sami ƙarafa da tukwane da siffofin yumɓu wuri guda.

Narkar da tama aiki ne mai wuya. Ana gina tanderu da laka, a jera tama da gawayi hawa-hawa, a yi ta hura wuta sa'o'i masu yawa har zafi ya haura digiri 1,000. Ƙarfen ba ya narkewa ya zama ruwa. Yakan dunƙule ne cikin kashin tama, sai maƙeri ya yi ta duka yana mayarwa wuta kafin ya sami abin ƙera gatari ko mashi. A Gabas ta Tsakiya da Turai mutane sun shafe dubban shekaru suna sarrafa jan ƙarfe da tagulla kafin su kai ga baƙin ƙarfe. A ƙasar Nok babu wannan zango: daga gatarin dutse aka shiga na ƙarfe, kuma an ci gaba da amfani da biyun tare na tsawon lokaci. Masana sun rabu a kan asalin wannan sani. Wasu na ganin ya tsallako Sahara ne daga Kartaj a Tunisiya ta yau ko daga Meroe a Sudan, wasu kuwa na ganin a Afirka ta Yamma aka gano shi, suna kafa hujja da bambancin siffar tanderun da kuma tsoffin wuraren narka tama irin na tsaunin Termit a Jamhuriyar Nijar.

Siffar kayan

Wanda ya taɓa ganin kan Nok sau ɗaya ba zai kasa gane na biyu ba. Idon yana da siffar alwatika ko rabin da'ira, gira ta lanƙwasa a samansa, an huda ƙwayar idon, haka ma ƙofofin hanci da kunne, wani lokaci har da baki. Hudar tana sa fuskar ta zama kamar tana kallon mutum, kuma tana bai wa tururi hanyar fita lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe. Cikin siffofin fanko ne, domin an gina su ne kamar yadda ake gina tulu, ana murza yumɓu ana ɗora igiya kan igiya, sannan a sassaƙa fuskar kafin ya gama bushewa. Kai yakan fi jiki girma nesa da yadda yake a halitta. Wasu siffofin ba su wuce tsawon yatsa ba, wasu kuwa da a ce sun iso cikakku da sun kusa tsayin mutum, kuma gasa abu mai wannan girma a buɗaɗɗiyar wuta ba tare da ya tsage ba gwaninta ce da ko magina na yau ke jinjina wa.

Ado ne ya fi ɗaukar hankalin maginan. Akwai kitso iri-iri, da tukkaye, da huluna, da gemu da aka kitse, da tarin duwatsun wuya, da mundaye a hannu da ƙafa, da jigida hawa-hawa a ƙugu. Ana yawan samun namiji zaune ya ɗora haɓarsa a kan gwiwa, siffar da dillalan Turai suka yi wa laƙabi da mai tunani. An gina giwa da biri da maciji, an gina halittu rabi mutum rabi tsuntsu, an kuma gina marasa lafiya, masu tundurmi da masu shanyewar ɓarin fuska, ba tare da ɓoye lalurarsu ba. A wani wuri an sami siffar kwalekwale da mutum biyu a ciki suna tuƙi. Abin lura shi ne ɗorewar salon: a faɗin ƙasa mai nisan ɗaruruwan kilomita, cikin ƙarnuka masu yawa, idon bai sauya ba.

Abin da ƙasa ta faɗa

Mafi yawan abin da aka sani a yau ya fito ne daga aikin da Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus ta yi tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NCMM. Farfesa Peter Breunig da Dokta Nicole Rupp suka fara shi a 2005, suka kafa sansani a Janjala cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko, arewa maso gabas da Abuja. Kafin su, masanin Najeriya Joseph Jemkur ya yi shekaru yana bibiyar wuraren, ya wallafa littafi a kansu a 1992.

Gwaje-gwajen kabon masu yawa sun raba tarihin gida uku. Daga wajen 1500 zuwa 900 kafin Miladiyya manoma ne masu tukwane, ba mutum-mutumi ba ƙarfe. Daga wajen 900 siffofin yumɓu suka bayyana, mazaunai suka yawaita, sannan bayan wasu ƙarnuka tanderun tama suka biyo baya. Daga wajen 400 al'amarin ya fara ja da baya, kuma zuwa farkon Miladiyya an daina gina siffofin, salon tukwane ma ya canza. Ke nan mutum-mutumin ya girmi ƙarfen, saɓanin abin da aka daɗe ana zato.

Abincinsu ba baƙo ba ne ga mai karatu. Gero ne kan gaba, sai wake, sai atili, wanda ƙonannun ƙwallayensa suka cika ramukan shara. A 2021 masana na Jami'ar Bristol ta Ingila tare da na Frankfurt suka bayyana sakamakon gwajin maiƙon da ya shige jikin fasassun tukwane fiye da 450: kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe maiƙo suna ɗauke da alamar kakin zuma, shaida mafi tsufa ta cin zuma a Afirka ta Yamma. Wani gwajin da ya biyo baya ya nuna ana dafa ganye a cikinsu, irin dangin lalo. Ƙasusuwa kuwa ba su tsira ba, na mutum ko na dabba, domin ƙasar yankin tana da tsami, tana cinye ƙashi.

Akan ji ana cewa Daular Nok, amma tonon bai goyi bayan wannan suna ba. Ba a ga fada ko kufan babban birni ba. Abin da aka gani ƙananan gidajen noma ne a warwatse, waɗanda ake zama a cikinsu na ɗan lokaci a tashi. To, ta yaya mutanen da ke zaune haka suka riƙe salo guda na tsawon ƙarnuka? Gwajin yumɓun ya ba da haske: tukwanen girki da yumɓun kusa da gida aka gina su, amma na mutum-mutumin ya fi kama da juna daga wuri zuwa wuri, abin da ke nuna cewa ƙwararru ne 'yan kaɗan ke gina su, ko a wasu cibiyoyi, ko suna yawo da sana'arsu.

Game da amfaninsu, jama'a kan kira su gumaka kai tsaye. Tonon da aka yi a wurare irin su Ifana da Pangwari ya nuna wani abu mafi takamaimai. Kusan duk siffofin a farfashe aka same su, an tara gutsattsarin siffofi daban-daban an binne a rami, sau da yawa kusa da wasu jerin duwatsu da aka ajiye tukwane cikakku a gefensu, wani lokaci da duwatsun wuya a jere kamar suna kan zare. Masu binciken sun fassara waɗannan wurare da kaburbura da ƙasa ta cinye gawarwakinsu, suka ce siffofin suna da alaƙa da bikin binne mamaci ko tunawa da kakanni, kuma da gangan aka fasa su. Ba daga fuskar mutum-mutumin aka fahimci wannan ba, daga tazarar da ke tsakaninsa da dutse da tukunya ne.

Aikin Janjala ya gamu da cikas a watan Fabrairun 2017, lokacin da 'yan bindiga suka sace Breunig da wani abokin aikinsa, suka kashe mutum biyu na yankin da suka bi sawunsu. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma tono a yankin bai koma yadda yake ba.

Maƙwabta da magada

Nok ba su kaɗai ba ne a wannan sana'a. A ƙasar Hausa kanta an haƙo siffofin yumɓu da kasuwa ta yi wa suna na Sakkwato da na Katsina, da yawansu daga kewayen dutsen Kwatarkwashi a Jihar Zamfara. Na Sakkwato an san su da gira mai nauyi da ta rufo ido, da gemu mai tsini. Kusan dukkansu ta hannun masu haƙar sata suka fito, shi ya sa bayanin da ake da shi a kansu bai kai ko kusa da na Nok ba. A Yelwa ta ƙasar Yawuri an tono wasu lokacin da ake gaggawar ceto kufai kafin madatsar Kainji ta cika. A Nijar akwai na Bura a kwarin Kwara, waɗanda Boubé Gado ya tono a 1983, kuma bayan an nuna su a Turai masu haƙar sata suka afka wa yankin.

Daga kudu kuma, masana irin su Frank Willett sun ga kama tsakanin Nok da siffofin Ile-Ife, musamman a yawan duwatsun ado da girman kai. Sai dai akwai tazarar kusan shekara dubu tsakanin ƙarshen Nok da bunƙasar Ife a ƙarni na 12 zuwa na 15, kuma kama kaɗai ba ta isa ta tabbatar da gado ba. Haka zancen yake ga al'ummomin da ke zaune a yankin a yau, Ham da Gbagyi da Koro da sauransu. Abin da ido ke gani shi ne ginin tukwane da hannu, ba tare da injin juyawa ba, bai taɓa barin yankin ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a garin Kwali na Yankin Babban Birnin Tarayya ta koyi wannan gini tun tana yarinya, kafin a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Matan Ushafa a Bwari na nan suna yi har gobe.

Haƙar sata

Dokar kayan tarihi ta 1953, da Doka ta 77 ta 1979 wadda ta kafa hukumar NCMM, sun haramta tono da fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba. Najeriya ta kuma shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 tun a 1972. Duk da haka, a tsakiyar shekarun 1990 haƙar sata ta zama sana'ar gari guda a ƙasar Nok. Darajar naira ta faɗi, kasuwar kuza ta rushe tun 1985, kuma haƙa ba baƙon aiki ba ne a yankin. Patrick Darling, wani masani ɗan Ingila da ya daɗe yana binciken ganuwoyi da kufai a Najeriya, ya ruwaito cewa a lokacin akwai manyan dillalai biyu da kowannensu ke iya ɗaukar mahaƙa kusan dubu. Kayan kan bi ta ƙasashen maƙwabta, musamman Togo, su ƙare a shagunan Brussels da Paris. Ayarin Frankfurt ya bayyana cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na wuraren Nok da aka sani a yankin bincikensa an riga an farfasa su.

Mahaƙin da ke neman abin sayarwa kai yake nema. Yakan watsar da gawayin da zai faɗi shekarun wurin, ya tattake tukunyar da za ta faɗi abin da aka ci, ya ture duwatsun da za su nuna kabari ne ko juji. Ramin da masani zai yi wata guda yana tonowa da cokali da buroshi, yana auna kowane taki, shi a yini ɗaya zai juye shi. Ko da an ƙwato kan daga baya an dawo da shi gida, abin da ya dawo ado ne kawai, domin bayanin ya watse a ranar da aka haƙa. Kuɗin da ke shiga hannun mahaƙin ɗan kaɗan ne idan aka gwada da abin da dillalin ƙarshe ke karɓa.

Kasuwar ta kuma haifi jabu. Tunda da wuya a sami siffa cikakkiya a ƙasa, masu gyara kan haɗa kan wannan da jikin wancan, su cike giɓi da sabon yumɓu da garin tsohon. Akwai gwajin da ake yi wa gasasshen yumɓu, a ɗan ɗebi gari a dumama shi, hasken da ya fitar ya nuna tsawon lokacin da ya yi rabonsa da wuta. Amma gwajin yana magana ne a kan inda aka ɗiba kaɗai, don haka tsohon gutsure ɗaya na iya sama wa sabon jiki takardar shaida. Da yawa daga cikin kyawawan siffofin Nok cikakku da ake gani a littattafan gwanjo suna ƙarƙashin wannan tuhuma.

Misalin Peru

Wata ƙasar da ta daɗe tana ɗanɗana wannan matsala ita ce Peru a Amurka ta Kudu, mahaifar daular Inka. Inka sun bambanta da Nok ƙwarai. Daula ce ta gaske mai hedikwata a Kusko, wadda ta fara faɗaɗa a zamanin sarki Pachacuti daga wajen 1438, ta shimfiɗa hanyoyi a tsaunukan Andes, tana ajiye lissafi da ƙulle-ƙullen igiya da ake kira kipu. Sun ƙware a zinariya da azurfa da tagulla, amma ba su narka tama ba, sana'ar da aka yi a Taruga kusan shekara dubu biyu kafin su. A 1532 Francisco Pizarro na Sifaniya ya kama sarki Atahualpa a Cajamarca, ya karɓi fansar ɗaki guda na zinariya da ninkinsa na azurfa, aka narkar da kayan aka mai da su sanduna, sannan aka kashe sarkin a 1533. Tsaran Nok a wannan yanki su ne mutanen Chavín, da suka bunƙasa tun daga wajen 900 kafin Miladiyya, kuma su ma sunan wurin da aka gano su aka ba su.

Abubuwa biyu daga Peru sun shafi Najeriya kai tsaye. Na farko, kayan da Hiram Bingham ya kwasa daga Machu Picchu bayan zuwansa a 1911 sun zauna a Jami'ar Yale ta Amurka kusan shekara ɗari. Sai da Peru ta kai ƙara kotu aka cimma yarjejeniya a 2010, aka mayar da su Kusko a 2011 da 2012. An yi nasara ne saboda akwai takardun da suka nuna aro aka bayar. Na biyu ya fi kusa da halin Nok. A 1987 ɓarayi suka fasa wani kabarin sarauta na al'ummar Moche, waɗanda suka rayu a gaɓar tekun arewacin Peru ƙarnuka kafin Inka, a wani wuri mai suna Sipán. 'Yan sanda suka sanar da masani Walter Alva, ya kafa sansani a wurin duk da fushin mutanen ƙauyen, ya ɗauki wasunsu aiki, ya ci gaba da tono har ya kai ga wani kabarin da hannu bai taɓa ba. Daga wannan kabari guda aka gane cewa mutanen da ake gani a zanen tukwanen Moche sarakuna ne da malaman addini na gaske, da irin tufafinsu da kayan hannunsu. A 2002 aka buɗe gidan tarihi na musamman a Lambayeque, kusa da wurin, kuma kayan na can.

Inda aka kwana

Dawo da kayan Nok ya fi na Benin sarƙaƙiya. Na Benin an san ranar da sojojin Ingila suka kwashe su a 1897, an san fadar da aka ɗauke su, shi ya sa Jamus ta iya miƙa kashin farko na nata a Abuja a watan Disambar 2022. Na Nok kuwa ba su da rajista, ba wanda ya taɓa ganin su kafin daren da aka haƙo su, kuma mai riƙe da su kan ce sun bar Najeriya tun kafin doka. Duk da haka an samu wasu. A 2012 hukumomin Amurka suka mayar da siffofin Nok goma da aka kama, a farkon 2013 Faransa ta mayar da biyar da jami'an kwastan suka ƙwace a filin jirgin sama na Paris, kuma a watan Janairun 2022 Najeriya da Amurka suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar taƙaita shigar da kayan tarihin Najeriya kasuwar Amurka. Kayan da ayarin Frankfurt ya tono an kai su Jamus an gyara, an nuna su a gidan tarihi na Liebieghaus daga ƙarshen 2013, sannan aka dawo da su Gidan Tarihi na Kaduna. Wasu masanan Najeriya sun soki tsarin a lokacin, suna cewa bai dace Turawa su riga 'yan ƙasa ganin su ba.

Shari'ar da ta fi yin ƙara ita ce ta Paris. A ƙarshen shekarun 1990 gwamnatin Faransa ta sayi siffofin Nok biyu da ɗaya na Sakkwato daga wani dillali a Beljiyam, domin sabon gidan tarihin da Shugaba Jacques Chirac ke son kafawa. Aka baje su a gidan tarihi na Louvre a watan Afrilun 2000, daidai lokacin da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta sanya kayan Nok a jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Hukumar NCMM ta ƙi amincewa da cinikin, amma Chirac ya nemi yardar Shugaba Olusegun Obasanjo ya kuma samu. Suka daga masana a ciki da wajen Faransa ya yi yawa, har a 2002 ƙasashen biyu suka sake zama: Faransa ta amince cewa siffofin uku mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wanda ana iya sabuntawa. Suna ƙarƙashin kulawar gidan tarihi na Quai Branly, da aka buɗe a 2006, kuma wa'adin farko na aron yana cika ne a 2027.